Ƙwayoyin ciyawar teku da ciwon suga: nazarin lamarin wani dillalin shinkafa a Argungu

An tsara wannan lamari ne don koyarwa, musamman ga ma'aikatan ƙananan asibitoci da masu jinyar mai ciwon suga a gida. Majinyacin misali ne, ba a nufin wani mutum takamaimai da shi. Magunguna da ma'aunai da lissafin da ke ciki kuwa na haƙiƙa ne.

Majinyacin

Magidanci ne ɗan shekara 56, dillalin shinkafa a Argungu ta jihar Kebbi. Shekara shida ke nan da aka gano yana da ciwon suga nau'i na biyu. Yana shan metfomin miligiram 1,000 safe da yamma, da gilibenkilamaid, wanda aka fi sani da Daonil, miligiram 5 kafin karin kumallo. A gwajinsa na lokacin hunturu nauyinsa kilo 84 ne, bugun zuciyarsa 78 a minti, sugansa na safe kafin ya ci komai 9.1 mmol/L. Wanda na'urarsa ke nuna mg/dL sai ya ninka da 18, ya sami 164. Gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku, ya ba da kashi 8.4 cikin ɗari. Abin da ake nema wa irinsa shi ne ƙasa da 7.

Cimarsa ta ɗan kasuwa ce. Koko da ƙosai da shayi mai suga da safe, shinkafa da mai da yaji da rana tare da lemon kwalba biyu, fura mai suga bayan la'asar, tuwon shinkafa malmala biyu da dare. A gaban wuyansa akwai ɗan ƙullutun maƙoƙo tun yana saurayi. Ba ya ciwo, wuyan riga na rufe shi, kuma ba a taɓa rubuta shi a katinsa ba. A riƙe wannan, za a dawo kansa.

Babban ɗansa ne ya ga talla a Facebook cewa masana sun gano furotin ɗin ciyawar teku na daidaita suga. Ya yi oda ta WhatsApp, kaya suka iso tasha daga Legas. Kwalba ɗaya ƙwaya 120 ce, kowace ƙwaya miligiram 500 na gari, a sha biyu da safe biyu da dare. Abin da aka rubuta a jiki a matsayin haɗin kalma ɗaya ce, "kelp". Ba a faɗi adadin aidin, sinadarin nan da ake sa wa gishiri, da ke ciki ba.

Mako uku na farko

An haɗo kwalbar da 'yar takarda mai sharuɗɗa uku: a bar lemon kwalba, a daina sa suga a shayi da fura, a rage tuwo zuwa rabi. Alhaji ya bi su sau da ƙafa, abin da aka shekara shida ana roƙonsa a asibiti bai yi ba. Mutum ya fi kiyaye dokar maganin da ya ci masa kuɗi.

A lissafa abin da ya fita daga cikinsa. Lemon kwalba mai santilita 35 na ɗauke da suga kusan giram 37, wato ƙaramin cokali tara. Biyu sun zama 74. Sugan shayi da fura, a ce cokali shida, giram 24. Ɗanyar shinkafa kusan kashi 80 cikin ɗari sitaci ce, don haka idan tuwonsa na dare na cin giram 150 na shinkafa, raba shi biyu ya cire giram 60. Jimilla kusan giram 160 a kowace rana. Ko da garin alli ne a cikin ƙwayoyin, sugan zai sauka. Ya kuwa sauka: a mako na uku gwajin safe na nuna 6.8 zuwa 7.2. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A cikin makon nan ne, dab da azahar yana kasuwa, gumi ya karyo masa, hannu ya kama rawa, ido ya yi duhu. Na'ura ta nuna 3.6. Duk abin da ya gaza 3.9 faɗuwar suga ce. Dalilin a fili yake. Gilibenkilamaid na matsa wa fankiriyas, halittar da ke samar da insulin a ciki, ya fitar da shi ko an ci abinci ko ba a ci ba, kuma an yanka masa adadin ne bisa tsohuwar cimarsa. Abin yi a take shi ne ya sha suga giram 15, ƙaramin cokali huɗu a ruwa ko kusan rabin kwalbar lemo, a sake gwadawa bayan minti 15, sannan ya je a rage masa gilibenkilamaid ɗin. Shi kuwa ya fassara abin da cewa sabon magani ya fi ƙarfin tsoho. Ya ajiye gilibenkilamaid a ranar. A mako na biyar ya ajiye metfomin. Tsinken gwaji ya ƙare, bai sake saye ba, tunda a ganinsa an warke.

Daga mako na takwas zuwa ranar da ya zo asibiti

Alamun sun shigo a hankali, kowace kuma ta sami uzuri. Yawan gumi da kasa jure zafi, ai bazara ce, a Kebbi kuwa zafin Afrilu kan haura digiri 40. Rashin barci, ai ba wuta, ɗaki ya yi zafi. Bahaya sau uku sau huɗu a rana da ramewa, mai tallar ya riga ya ce haka maganin ke aiki. Yunwa ta ƙaru, tuwo ya koma malmala biyu. Ƙishirwa ta ƙaru, lemo da zoɓo mai suga suka dawo. Abin da ya kai shi asibiti bugun zuciya ne da ya hana shi tsayuwa a sallar asuba, bayan ya gama kwalba ta uku.

Da aka tambaye shi me ya sa bai zo tun da ya fara ramewa ba, cewa ya yi, "Likita, ai ca nike sugan ne shina fita."

Abin da aka samu: nauyi kilo 76, ya zubar da takwas a wata uku. Bugun zuciya 112 a minti, a jere yake ba ya tsalle. Awon jini 150 bisa 70. Tafin hannu da ɗumi da laima, yatsu na karkarwa idan ya miƙa su. Suga 19.4 mmol/L, wato 349 mg/dL. Fitsari cike da suga amma babu kiton, sinadarin da ke bayyana idan jiki ya koma ƙona kitse saboda ƙarancin insulin. HbA1c 9.7. Gwajin maleriya bai nuna komai ba, ƙoda lafiya lau. A wuya an taɓa ƙullutu fiye da ɗaya, idanu ba su firfito ba.

A nan ake yawan tsayawa. Mutum ya bar magani, suga ya hau, ya rame, sai a mayar da shi kan maganinsa a sallame shi. Amma hawan suga shi kaɗai ba ya sa tafin hannu ɗumi da laima, ba ya sa karkarwar yatsu, ba ya buɗe tazara irin wannan tsakanin lambar sama da ta ƙasa a awon jini. Waɗannan na tayirod ne, halittar da ke gaban maƙogwaro wadda kumburinta ake kira maƙoƙo. Aka aika jini. TSH, sinadarin da ke umartar tayirod ya yi aiki, ya dawo ƙasa da 0.01, alhali daidai shi ne kusan 0.4 zuwa 4.0. T4, sinadarin da tayirod ɗin kansa ke fitarwa, ya dawo 38 pmol/L, daidai kuwa ba ya wuce 22 a yawancin ɗakunan gwaji. Tayirod ɗinsa na aiki fiye da kima. Sai a sannan aka ce ɗansa ya kawo kwalbar.

Gaskiyar da ke cikin tallar

Tallar ba daga iska ta fito ba, kuma ya kamata ma'aikacin lafiya ya san iyakar gaskiyarta, don majinyaci zai zo da waya a hannu yana nuna masa.

Ciyawar teku iri uku ce: ja, kore da ruwan ƙasa. Ja ce mai furotin. Nori, wanda Japanawa ke naɗe shinkafa da shi, kan kai kashi 47 cikin ɗari na busasshen nauyinsa. Palmaria palmata, da ke fitowa a gaɓar Ayilan da Kanada, kan kai 35. Kore na tsakanin 10 da 26. Ruwan ƙasa, dangin da kelp ke ciki, ita ce koma baya, yawanci 3 zuwa 15. Adadin kuma na sauyawa da lokacin da aka girbe ta.

Furotin ɗin a kulle yake cikin bango mai yauƙi da cikin ɗan Adam ba ya narkarwa sosai. Masu bincike kan busar da ciyawar su niƙa, su jiƙa ta a ruwa sannan a ruwan alkali don furotin ya fito, su tace, su zuba sinadaran yanka furotin irin su Alcalase a zafin kusan digiri 50 na tsawon awoyi. Abin da ke fitowa gutsattsari ne gajeru da ake kira feftaid, kowane na da amino asid 'yan kaɗan. Su ake gwadawa, ba garin ciyawa ba.

Wurare uku ake auna su. Biyu na farko su ne alfa-amilas da alfa-gulukosidas, sinadaran da ke farfasa sitaci ya zama suga a baki da hanji. Idan aka rage musu sauri, sugan tuwo kan shiga jini a hankali. Aikin da maganin akabos ke yi ke nan. Na uku ya fi jan hankali. Idan abinci ya isa hanji, hanjin kan saki wani sinadari, GLP-1, wanda ke sanar da fankiriyas ya fitar da insulin daidai da sugan da ke shigowa, ya kuma rage saurin fitar abinci daga tumbi. Ransa gajere ne, cikin kusan minti biyu wani sinadarin mai suna DPP-4 ya lalata rabinsa. Magunguna irin su Januvia da Galvus DPP-4 ɗin suke danne wa. A 2015 masu bincike a Jami'ar Limerick ta Ayilan sun ware feftaid uku daga Palmaria palmata da ke danne DPP-4 a kwalbar gwaji, biyu masu amino asid huɗu, ɗaya mai bakwai.

Aiki ne mai kyau, amma ba nan gizo ke saƙa ba. Ko mafi ƙarfi a cikin ukun, sai an zuba fiye da ninki dubu biyu na sinadarin Januvia kafin ya danne DPP-4 daidai da shi. Sannan kwalbar gwaji ba ta da tumbi. Feftaid ɗin da aka haɗiya zai gamu da sinadaran narkarwa na tumbi da na hanji, su sake yayyanka shi, abin da zai isa jini da siffarsa kaɗan ne. Shaidar da ake da ita a kan furotin ɗin ta kwalbar gwaji ce da ta ɓeraye. Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane ƙanana ne, na ɗan lokaci, kuma akasarinsu a kan wasu sinadaran ciyawar ne daban, kamar yauƙin aljinet da sinadarai masu bauri na ruwan ƙasar. Babu ƙa'idar jinyar ciwon suga, ta Hukumar Lafiya ta Duniya ko ta ƙungiyar ciwon suga ta Amurka, da ta sa furotin ɗin ciyawar teku cikin magunguna.

Lissafin kwalbar

Ƙwaya huɗu a rana giram 2 ne na gari. Kelp ce, a ce furotin ɗinta kashi 10: giram 0.2 a rana. Kwalba uku giram 180 ne na gari, furotin giram 18. Ƙwai ɗaya na da kusan giram 6. Wato duk furotin ɗin da Alhaji ya haɗiya a wata uku bai wuce na ƙwai uku ba, kuma ba irin wanda aka yi binciken a kansa ba ne, ba a kuma sarrafa shi yadda aka sarrafa wancan ba. Ko inda aka rubuta adadin furotin a jikin kwalba, a rage masa. An saba auna naitirojin a ninka da 6.25, alhali a ciyawar teku wani kaso na naitirojin ɗin ba na furotin ba ne, kuma ninkin da ya fi dacewa kusan 5 ne.

Abin da kelp ke da shi a yalwace aidin ne. Tana zuƙo shi daga ruwan teku tana tarawa, har giram ɗaya na busasshiyarta kan ɗauki mikirogiram 1,000 zuwa sama da 5,000, gwargwadon iri. A ɗauki 1,500, wanda ke kusa da ƙasa: giram 2 sun ba da 3,000 a rana. Babban mutum na bukatar 150, mai juna biyu 250. Iyakar da hukumomin Amurka suka sa 1,100 ce, ta Turai 600. Alhaji na shan ninki ashirin na bukatarsa kullum har kwana casa'in.

Tayirod mai lafiya kan ja birki idan aidin ya yi yawa. Wanda ya tashi kafin a wajabta sa aidin a gishiri a Nijeriya a 1993, ya kuma yi maƙoƙo tun ƙuruciya, sau da yawa wasu ƙullutun nasa sun daina jin umarnin TSH. Kamar injin casa ne da makunninsa ya lalace, abin da ke tsayar da shi kawai rashin shinkafa. Ranar da aka juye masa buhu, sai ya yi ta aiki. Likitoci na kiran wannan Jod-Basedow. Shekarunsa, ƙullutu da yawa, rashin firfitowar ido da lokacin da alamun suka fara duk sun fi nuna wannan a kan cutar Graves, wadda ita ma ke sa tayirod aiki fiye da kima.

Yawan sinadarin tayirod kuma na hura wutar suga ta hanya uku: hanji na tsotse suga da sauri, hanta na ƙara zubo nata cikin jini, jiki na saurin kawar da insulin. Ga barin magani, ga komawa tsohuwar cima. Abu uku suka taru suka kai shi 19.4.

Aidin mai yawa na iya yin akasin haka ga wasu, ya kashe aikin tayirod, musamman jarirai a ciki da masu shan nono. Mai juna biyu da mai shayarwa kada su kusanci irin wannan kwalba.

Akwai kuma ƙarafa masu guba, don ciyawar teku na tara asenik da kadmiyom da dalma idan ruwan da ta fito yana da su. A 2004 hukumar abinci ta Birtaniya ta shawarci jama'a su daina cin wani iri mai suna hijiki saboda asenik. Maƙwabtanmu na Anka da Bukkuyum a Zamfara, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a 2010, sun san ba ta da ɗanɗano balle wari. Lambar NAFDAC ma a san ma'anarta. A kayan ganye, lambar da ta ƙare da harafin L na nufin an yi musu rajistar wucin gadi bisa gwajin rashin cutarwa, hukumar ba ta tantance cewa suna warkar da abin da ake faɗa ba. Kwalbar Alhaji ko wannan ba ta da.

Wata tambaya da kan taso a garin ruwa irin Argungu ko Yawuri ita ce ko gansakukar fadama da kududdufi na iya maye gurbi. Ba ta yi. Halitta ce daban, kuma wasu nau'o'inta na fitar da gubar da ke lalata hanta. Sifirulina da matan Kanembu ke kwasa a tafkunan kanwa na yankin Kanem a Chadi, su busar su kira shi dihe, abinci ne mai furotin sama da kashi 55, amma shi ma ba ciyawar teku ba ne, ba kuma maganin suga ba.

Jinya

An dakatar da ƙwayoyin a ranar. Gishirin gida mai aidin an bar shi yadda yake, domin abin da ke cikinsa kaɗan ne kuma sauran iyali na bukatarsa.

Tunda babu kiton, ƙoda lafiya, yana kuma iya shan ruwa, an mayar da metfomin a miligiram 500 sau biyu tare da abinci, a ƙara a kai 1,000 cikin mako biyu don kada ya tsananta gudawar. Ba a mayar da gilibenkilamaid ba. Suga 19 tare da ramewa na bukatar insulin na ɗan lokaci, don haka aka fara da mai dogon aiki, awo 10 da dare, wanda ya faɗa cikin ƙa'idar 0.1 zuwa 0.2 ga kowane kilo. A ƙara awo 2 duk kwana uku har gwajin safe ya shiga tsakanin 4.4 da 7.2. Inda wuta ba ta tsayawa, a sa kwalbar insulin a leda a ɗaure, a binne ta cikin jiƙaƙƙen yashi a tukunyar ƙasa a inuwa. Wadda aka buɗe a yar da ita bayan mako huɗu ko da saura.

Don bugun zuciya da karkarwa an ba shi furofaranolol miligiram 40 sau biyu a rana, bayan an tabbatar ba shi da asma. Wannan magani na ɓoye alamun faɗuwar suga, bugun zuciya da rawar hannu ba za su zo ba, gumi ne kawai zai rage. An faɗa wa shi da uwargidansa da ɗan: gumi ba dalili, a gwada, in babu na'ura a kusa a ba shi suga. Likitan da ke duba tayirod ya ƙara kabimazol miligiram 20 a rana, da gargaɗin cewa zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro na nufin a tsayar da shi a zo a auna fararen ƙwayoyin jini a ranar, kada a tsaya shan maganin maleriya a kemis. Tayirod da ya ƙoshi da aidin kan yi jinkirin amsa wannan magani, sai an yi haƙuri.

Haɗarin da ke biyo baya shi ne na samun sauƙi. Yayin da tayirod ke lafawa, bukatar insulin na raguwa, awon da ya dace a makon farko kan yi yawa a na shida. Shi ya sa aka ce gwajin safe kullum, a rubuta a littafi, in ya sauka ƙasa da 4.4 a rage awo 2 zuwa 4 a kira asibiti. A mako na shida T4 ya sauko 24, bugun zuciya 84, insulin ya koma awo 8 daga 16 da ya kai. TSH bai motsa ba, kuma ba abin damuwa ba ne, yakan ɗauki watanni kafin ya farfaɗo. A wata na uku aka cire insulin da furofaranolol. A wata na huɗu HbA1c 7.5, nauyi kilo 80.

A batun abinci an gina ne a kan abin da ya riga ya gani da idonsa, cewa sharuɗɗan nan uku sun sauke masa suga daga 9 zuwa 7, sai aka ce ya koma kansu. Aka ƙara na huɗu, wanda ke kama hanyar GLP-1 ɗin da aka ambata a baya: furotin na gaske da ganye su riga sitaci shiga ciki, domin furotin da ya isa hanji na sa a saki GLP-1, ya kuma rage tsallen suga bayan cin abinci. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, ko kifi, minti goma zuwa sha biyar kafin tuwo. Giram 100 na karfasa ko tarwaɗa na da furotin giram 16 zuwa 20, kusan na kwalba ukun nan gaba ɗaya, dafaffen wake kuma kusan 8. Shinkafar rana ta koma shinkafa da wake, waken ya kai rabi. Gwaji awa biyu bayan tuwon dare, sau biyu a mako, ana neman ƙasa da 10.

Maƙoƙon bai tafi ba. An yi masa hoton wuya, ana maimaita gwajin tayirod duk wata uku, don ƙullutu irin waɗannan kan sake tashi da kansu bayan an cire kabimazol, a lokacin sai a duba tiyata ko aidin mai rediyeshon da ake sha ya rage aikin tayirod. A saman katinsa an rubuta da jan biro cewa yana da maƙoƙo mai ƙullutu da ya taɓa tashi saboda aidin, domin duk wanda zai rubuta masa amiyodaron, maganin zuciyar da ƙwayarsa ɗaya ta miligiram 200 ke ɗauke da aidin miligiram 75, ko zai yi masa allurar rini kafin hoton CT, ya fara auna TSH.